Juji ba ya ƙarya? Muhawara kan tulin ɓawon kawa na bakin teku

Abban Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce aiki ya kai ni Joal a ƙasar Senegal, garin da aka haifi shugaba Senghor. Abokin tafiyata ya ce ba za mu juya Dakar ba sai mun tsallaka gadar katako mun ga Fadiouth. Jama'a, tsibiri ne guda, amma abin da kake takawa ba ƙasa ba ce. Ɓawon kawa ne, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar katantanwa, fari fat, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Hanya ɓawo, bangon gida an cakuɗa shi da ɓawo, hatta maƙabartarsu, inda Musulmi da Kirista suke kwance wuri ɗaya, tudun ɓawo ce da kukoki a kanta. Aka ce min kakanninsu ne suka ci naman suka zubar da ɓawon shekara da shekaru har ya zama wurin zama. Kuma wai kudu da tsibirin, a bakin kogin Saloum, akwai irin wannan tudun guda 218, har UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Tambayata ga masana na wannan zaure: ban da ban mamaki, wane ilimi ake samu a jujin mutanen da?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Yaro, an dai ga baƙo an shirya maka labari. Wane irin ci ne mutum zai yi har ya ci tsibiri? Ruwa ne ya tara abinsa. Ko bakin kogi ka je bayan ambaliya za ka ga tarkacen da ya ajiye.

Injiniya Bashir: Alhaji yana da hujja fa. Mu nan Sakkwato, a Kalambaina inda ake haƙar farin dutsen siminti, ana samun katantanwa da sauran halittun teku daskare cikin dutse. Wa ya ci su?

Malam Haruna Zariya: Injiniya, naka daban ne. Na Kalambaina sun kai wajen shekara miliyan 60, lokacin da wani reshen teku ya ratso ta yankin, kuma babu hannun mutum a ciki. Amma Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka ita ce ainihin wadda aka fara da ita. A ƙasar Denmak ma an daɗe ana cewa irin waɗannan tuddai tsohuwar gaɓar teku ce. A 1848 aka kafa kwamiti na mutum uku: Steenstrup masanin dabbobi, Forchhammer masanin duwatsu, da Worsaae masanin kayan tarihi. Da suka tona, sai suka ga abin da ruwa ba zai iya yi ba. Ruwa in ya tara ɓawo, yakan kwaso babba da ƙarami, da yashi da tsakuwa, kuma duk sun goge. Su kuwa waɗannan kusan duk manya ne, irin waɗanda mai neman abinci zai zaɓa. Ga toka da gawayi a tsakaninsu, ga duwatsun murhu, ga wuƙaƙen dutse, ga ƙasusuwan namun daji an fasa su an zuƙe ɓargo. Teku ba ta hura wuta, ba ta kuma shan ɓargo. Sunan da suka sa wa abin da harshensu ma'anarsa jujin madafa. Wanda aka tona a Ertebolle daga baya tsawonsa ya kai mita 140, faɗinsa kamar 20.

Alhaji Mai Goro: To, na ji ta toka. Amma girman fa?

Malam Haruna Zariya: Girman ne yake ruɗar ido, Alhaji. Naman kawa ɗan mitsitsi ne, ɓawon ne mai yawa, kuma ba ya ruɓewa. Wani mai bincike, Geoff Bailey, ya yi lissafi ya ga sai ka ci kawa sama da 50,000 kafin ka samu ƙarfin abincin da ke jikin babbar barewar Turai guda ɗaya. Barewa ɗaya za ta bar ƙashi cikin kwando. Kawa 50,000 kuwa sai amalanke. Ka ninka wannan da gidaje da yawa, ka ninka da shekara ɗaruruwa. Ga Saloum kuma ba cin gida kaɗai ba ne, har yau matan yankin suna dafa shi su shanya naman su kai kasuwa, ɓawon ya tsaya a nan.

Maman Ilham: Ni dai kafin a yi nisa, wannan abin ya halatta a ci kuwa? Hotonsa kawai na gani raina ya tashi.

Ustaz Kabiru: A mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, Hajiya. Hanafawa ne suka taƙaita ga kifi. Tashin rai kuma ba hukunci ba ne, sabo ne. Malam Haruna ci gaba, muna biye.

Malam Haruna Zariya: Na gode Ustaz. Abban Husna, amsar tambayarka a taƙaice: kowace dabba tana da wurin da take iya rayuwa, don haka ƙashinta shaida ne kan yadda wurin yake a lokacin. Misalin da na fi so shi ne wani kogo a Afirka ta Kudu, Nelson Bay. Yau in ka tsaya a bakinsa igiyar teku na dukan duwatsun da ke ƙasanka. Richard Klein ya bi ƙasusuwan da ke ciki hawa-hawa. A hawan da ya kai wajen shekara 18,000 babu ɓawon teku. Abin da ke ciki namun fili ne masu kiwon ciyawa: jakin dawa, jimina, manyan gwanki iri-iri, da wata ƙatuwar ɓauna da ta ƙare a duniya, wadda faɗin ƙahonninta ke kusan mita 3. Sai wajen shekara 12,000 zuwa 11,000 da suka wuce ɓawo da ƙayar kifi suka fara bayyana, namun fili suka ja baya, mazo da ƙananan gada da aladen daji, masu son kurmi, suka maye gurbinsu. Kogon bai motsa ba. Teku ce ta zo. A zamanin ƙanƙara ruwan duniya mai yawa ya daskare a arewa, teku ta sauka da kamar mita 120, gaɓar ta yi nesa da kogon da kusan kilomita 80. Tsakaninsu fili ne shimfiɗe mai ciyawa. Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya cinye filin duka. Babu wanda ya rubuta wannan, mutanen kogon abincinsu kawai suke ci suna jefar da ƙashi a bayansu.

Abban Husna: Allahu Akbar. Wato filin kiwon yana ƙarƙashin ruwa yanzu.

Malam Haruna Zariya: Shi da ƙauyukan da suka zauna a bakin tsohuwar gaɓar. Shi ya sa yawancin tuddan ɓawo da ake gani a duniya ba su wuce shekara 7,000 ba. Ba wai kafin nan mutane ba su san teku ba. A kogon Pinnacle Point, shi ma a Afirka ta Kudu, an samu shaidar cin kawa ta shekara 164,000, aka buga sakamakon a 2007. Tsoffin jujin ne ruwa ya rufe.

Ɗan Sarkawa: Malam, ina jin daɗin bayaninka, amma bari ɗan masunta ya sa baki. Ni a Yawuri na tashi, gidanmu su ne sana'a tun kakanni. In wani ya zo bayan shekara dubu ya tona jujin gidanmu don ya san abin da ke cikin kogin Kwara, wallahi zai yi kuskure babba. Giwan ruwa in ta shigo hannu ba ma ci, kasuwa take tafiya ɗungurungum da ƙayarta. Tarwaɗa a banda ta a ɗura a kwali a yi kudu da ita. Abin da ke shiga tukunyar gida ƙananan da ba su da kuɗi ne. Ƙayar ma da aka zubar, kare da kyanwa da kaji sun gama da ita kafin gari ya waye. Sannan akwai kifin da wani gida ba sa ci sam saboda gadon gidansu, alhali yana nan fal a ruwa. To mai tonon zai rubuta cewa babu giwan ruwa a Kwara? Juji yana faɗin abin da mutum ya ga dama ya ci ne, ba abin da Allah ya zuba a ruwa ba.

Injiniya Bashir: Kai! Malam, a zo a amsa wannan.

Malama Rabi: Kafin Malam ya dawo, ni da nake koyar da ilimin halittu ina ganin Ɗan Sarkawa ya faɗi rabin gaskiya ne. Rashin abu a juji ba ya nuna babu shi, na yarda. Amma samuwarsa fa? In na tona na ga ƙayar giwan ruwa, dole akwai ruwa mai zurfi mai iska a kusa, domin ba ta zama a kududdufi. Tarwaɗa kuwa ko a caɓi sai ta rayu. Don haka abin da aka gani hujja ce mai ƙarfi, abin da ba a gani ba ne ake taka-tsantsan da shi.

Ɗan Sarkawa: Malama, ko samuwar ma. Bandar da muke aikawa Legas fa? A tona juji a can a ce kifin Yawuri a Legas yake?

Malama Rabi: Da mota ake kai ta, ƙanena. Mutumin shekara 8,000 da ke tafiya a ƙasa ba zai ɗauki ɗanyar kawa da ɓawonta ya yi kwana uku da ita ba. Nauyi kaɗai ya hana, balle wari.

Malam Haruna Zariya: Na dawo, wuta aka ɗauke. Ɗan Sarkawa, abin da ka faɗa darasi ne guda a wannan fanni, kuma wanda bai iya shi ba bai iya aikin ba. Maganar karenka ma Steenstrup ya riga ka. Ya lura cewa ƙasusuwan tsuntsaye da na dabbobi a jujin Denmak kullum ɓangare iri ɗaya ne ya ɓace, kawunan masu taushi. Sai ya ba karnuka ƙashi ya duba abin da suka bari, ya ga daidai yake da na jujin. Da haka ya gane mutanen suna da karnukan gida. Ka ga ɓarnar kare ma ta zama shaida.

Game da zaɓin mutum kuwa, dabarar ita ce kada ka dogara da abin da aka ci kaɗai. A cikin juji akwai baƙin da ba wanda ya gayyata: ƙananan dodon koɗi da suka shigo da kansu, ƙashin ɓera da jaba da mujiya ta amayar a kogo, ƙananan halittun da suka zo manne a jikin ɓawo. Waɗannan ba ruwansu da gadon gida ko farashin kasuwa. Shi ya sa ake tankaɗe ƙasar da rariya mai ƙananan ido, wani lokaci da ruwa. Masu tonon farko da ba su yi haka ba sun zubar da ƙayar ƙananan kifaye da yawa, suka ɗauka mutanen manyan dabbobi kawai suke ci.

Sai kuma shi ɓawon kansa. Kawa tana ƙara ɓawonta layi-layi, kamar yadda itace ke yin zobe. A cikin kowane layi akwai iskar oksijin iri biyu, mai nauyi da marar nauyi, kuma yawan kowanne yana bin zafin ruwan da aka yi layin a cikinsa. In aka auna daga tsakiya zuwa baki za a ga damina da rani na rayuwarta, layin ƙarshe kuma ya nuna lokacin da aka ciro ta. Mutum zai iya zaɓen wadda zai ci, amma ba shi ya rubuta abin da ke jikinta ba.

Ɗan Sarkawa: Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Mu ma akwai wani ɗan farin dutse da muke samu a kan kifi, yara na wasa da shi.

Malam Haruna Zariya: Dutsen kunne ke nan, kuma zinariya ne a wurinmu. A tsibirin Oronsay na Sikotland, Paul Mellars da abokin aikinsa sun auna irin waɗannan duwatsun daga tuddan ɓawo daban-daban. Da yake kifin yana ƙyanƙyasa a lokaci sananne, girman dutsen yana nuna watan da aka kama shi. Sai ga shi wannan tudu na kamun tsakiyar bazara ne, wancan na kaka, wani na hunturu. Ƙaramin tsibiri ɗaya, amma kowane gefe da lokacinsa.

Isufu Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Kuna ta zancen teku, mu da ba mu da ita muna da namu. A cikin Tenere akwai wuri ana ce masa Gobero. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, suka faɗa kan maƙabarta mai kabari wajen 200 a kan tudun rairayi. Wurin da yau ko ɗigon ruwa babu. A jujinsu akwai giwan ruwa, tarwaɗa, kada, dorina, kunkurun ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi. Wata yarinya an binne ta da awarwaro na haƙorin dorina a hannu. Mutanen farko sun zauna daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, fari ya kore su kusan shekara dubu, wasu daban suka zo da ruwa ya dawo. Bakin tafki ne ba bakin teku ba, amma karatun ɗaya ne. Malama Rabi, ga giwan ruwanki a tsakiyar Sahara.

Malama Rabi: Madalla Malam Isufu. A haɗa da kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Ba a sassaƙa irin wannan don kududdufi.

Alhaji Mai Goro: Dorina a Tenere. Ikon Allah. Na bi hanyar Agadas ina saurayi, ruwan sha ma a salka muke auna shi.

Injiniya Bashir: Ni har yanzu akwai inda ban gamsu ba. A ce an ga ɓawon yana ƙanƙancewa daga ƙasan tudu zuwa sama. Malam zai ce ruwa ya yi zafi ko ya yi sanyi. Ɗan Sarkawa zai ce mutane ne suka yi yawa suka cinye manyan. Wa za a bi?

Ɗan Sarkawa: Ni za a bi mana. A idona kifin Kwara ya ƙanƙance. Girman da mahaifina ke kamawa yanzu sai a yi wata ba a gani ba, kuma ba rana ce ta canza ba, raga ce mai ƙananan ido ta yi yawa.

Malam Haruna Zariya: A nan kam, Injiniya, masanan kansu ba su gama ba. Klein ya auna wata irin katantanwa mai manne wa dutse a Afirka ta Kudu, ya ga na tsoffin zamani sun fi na baya-bayan nan girma, ya ce alamar mutane sun ƙaru suna matsa mata. Wasu suka ce a'a, a duba zafin ruwa da abincin da ke cikinsa. Hanyar raba gardamar ita ce a ƙirga shekarun kowace ɗaya ta layukan ɓawonta. In ƙanana ne don ba a bar su sun tsufa ba, hannun mutum ne. In tsofaffi ne amma tsumburarru, ruwan ne ya canza.

A Denmak ma akwai irinta. A tudun Norsminde hawan ƙasa kawa ce zalla, sai wajen shekara 6,000 da suka wuce ta ragu, wata ƙaramar iri mai jure ƙarancin gishiri ta hau kanta. Daidai lokacin kuma noma da kiwo suka shigo ƙasar. Peter Rowley-Conwy ya ce gishirin ruwan ne ya ragu, kawa ta mutu, yunwar ƙarshen hunturu ta tura mutane ga noma. Bayani mai daɗin ji. Amma da aka ƙara tona wasu wuraren sai aka ga an ci gaba da cin kawa bayan zuwan noma. Ni a ganina ya ɗora wa kawa kayan da ya fi ƙarfinta. Mutanen da ke da kifi da namun daji da 'ya'yan itace ba za su sauya rayuwarsu kaf don abu ɗaya ya yi ƙaranci ba.

Malama Rabi: Ban yarda da kai duka ba, Malam. Abinci ba a auna shi da yawa kaɗai, ana auna shi da lokacin da ya zo. Tafasa da rama ba su kai gero ba, amma a watan da rumbu ya ƙare su ne ke riƙe gida. In kawa ita ce abincin watan wahala, rashinta ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Haruna Zariya: Wannan ita ce hujjar Rowley-Conwy kuwa, kuma awon layukan ya nuna yawanci a ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara ake ciro ta. Na ba ki wannan. Abin da ban ba ki ba shi ne cewa ta ƙare ko'ina.

Maman Ilham: Ni abin da ya tsaya min, su wa ke tsintar? Don na san ba maza ba ne.

Abban Husna: Hajiya kin canka. Waɗanda na gani a Fadiouth duk mata ne, in ruwa ya janye su shiga caɓi da kwanduna da 'ya'yansu.

Maman Ilham: Ato. Mata sun gina tsibiri da hannunsu, an zo ana ta lissafin barewar da maza suka harbo.

Injiniya Bashir: Malam, tambaya ta ƙarshe daga ni. Shekarun nan da kuke ta ambata, da ɓawon ake auna su?

Malam Haruna Zariya: Ana iya yi da gwajin kabon, wato auna wani irin sinadarin kabon da ya rage a jikin abu don a san shekarunsa, amma da gyara. Halittar teku takan nuna ta girmi shekarunta da kamar 400, saboda ruwan ƙasan teku yana ɗauke da tsohon kabon. Don haka an fi son gawayi ko ƙashin dabbar tudu daga hawa ɗaya, a gwada su tare. Wani alherin ɓawon kuma, yana kashe tsamin ƙasa, shi ya sa ƙashi ke daɗewa a cikinsa. A Saloum 28 daga tuddan nan akwai kaburbura a kansu. Abin takaici shi ne a wurare da dama na gaɓar Afirka ta Yamma ana kwasar irin wannan ɓawon a yi gini ko a ƙona a yi farar ƙasa, kuma tudun da aka kwashe da shebur ba ya sake karantuwa.

Abban Husna: To ni da na cika aljihu da shi na kawo wa Husna tsaraba fa?

Malam Haruna Zariya: Na kan hanya ka tsinta ko tona ka yi?

Abban Husna: Na kan hanya, wallahi. Gaban mai sayar da hula.

Ɗan Sarkawa: Malam, in na je gida da sallah zan sa yara su tona bayan tsohon gidan kakanmu, mu ga ko akwai giwan ruwa. Rariyar tuwo za ta yi?

Malam Haruna Zariya: Za ta yi, amma ka nemi izinin mai ita tukuna. Kuma ka ware abin da ya fito daga kowane taki ɗaya na zurfi a leda daban, ka rubuta a jiki.